Zauren Iyali: Kuɗin Da Ke Haihuwa Ba Gona Ba Kasuwa

A wannan wata ina so mu zauna mu yi magana a kan wata cuta da ta shiga gidajen masu bi da yawa ta cikin wayar hannu. Cutar kuwa ita ce zuba kuɗi a hannun mutanen da ke alkawarin za su ninka su cikin kwana 30, ba noma, ba fatauci, ba sana'a. Akan ce da mutum, kawo naka ka kwanta ka yi barci, kuɗinka za su yi maka aiki.

Na san an sha gargaɗi a rediyo da jaridu cewa wannan hanya damfara ce, mai shiga yakan yi hasara. Gaskiya ne. Amma akwai wata magana da ba a cika faɗa ba, ita ce kuwa ta fi damun Kirista. Ko da mutum ya shiga da wuri ya fita da riba, ribar nan kuɗin ɗan'uwansa ce ya ci. Wannan shi ne abin da nake so mu duba tare.

Yadda abin ya faru

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1920, a birnin Boston na Amurka, wani mutumin Italiya mai suna Charles Ponzi ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45. Mutane suka yi ta tururuwa suna kai masa ajiyarsu. Kafin shekarar ta ƙare asirinsa ya tonu, aka ɗaure shi, a ƙarshe ya mutu matalauci a ƙasar Birazil a 1949. Har yau da sunansa ake kiran irin wannan zamba.

A Rasha kuma wani mai suna Sergei Mavrodi ya kafa MMM, wadda ta rushe a 1994 da kuɗin mutane masu ɗimbin yawa. Kotun ƙasarsu ta same shi da laifin zamba. Duk da haka sunan nan na MMM ya iso Nijeriya, ya bazu kamar wutar daji a 2016. Alkawarinsu shi ne ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata. Ku lura da zaƙin bakinsu. Ba su ce kana zuba jari ba, cewa suka yi kana ba da taimako, in lokacinka ya yi kai ma ka karɓi taimako. Wanda ya kawo sabon mutum kuma akan ba shi lada. Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, mutane suka toshe kunne. Ranar 13 ga Disamba 2016, saura kwana 12 Kirsimati, aka wayi gari an rufe cire kuɗi. Aka ce a yi haƙuri wata ɗaya, amma abin bai sāke miƙewa ba. A 2017 hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa, watau NDIC, ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 3 sun yi hasarar kimanin naira biliyan 18. Mavrodi kansa ya mutu a watan Maris 2018.

Da an ce wannan ya ishe mu darasi. Ina! Sai ga wani da ake kira CBEX ya zo da alkawarin da ya fi na farko, watau ninka kuɗi cif cikin kwana 30, wai na'ura mai basira ce ke yi musu cinikin kuɗin intanet. A watan Afrilu 2025 shi ma ya rushe. A Ibadan mutanen da suka fusata suka fasa ofishinsu suka kwashe kaya. Waɗansu da kuɗinsu suka maƙale har aka ce su ƙara biyan wani abu wai don a tantance su kafin a sake musu nasu. Hukumar EFCC ta shiga bincike. Gobe kuma wani zai zo da sabon suna da sabuwar riga, amma cikinsa ɗaya ne.

Mu yi lissafi

Bari mu ɗauki alli mu je allo kamar yadda mukan yi da yara a aji. In ka sa naira 100,000 a ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ka bar uwa da riba suna hawa, cikin wata 12 kuɗin za su wuce naira 2,300,000. Watau sun ninka sau 23. In kuwa ninkawa suke yi kowane wata, naira 1,000 za ta zama naira 4,096,000 cikin shekara guda. To, ina tambaya, wace gona ce ke yin haka? Wane fatauci? Mai sayar da hatsi a Dawanau da mai kiwon kaji da mai shagon magani duk sun san abin da jari ke iya kawowa a shekara bayan zufa da hasara. Da akwai cinikin da ke ninka kuɗi kowane wata, mai shi ba zai nemi naira dubu biyar ɗin gwauruwa ba. Zai yi shiru ya ci abinsa shi kaɗai.

Daga ina ribar ke fitowa ke nan? Daga aljihun wanda ya shigo bayanka. Abin da mutanen yau suka zuba, da shi ake biyan mutanen jiya. Abin da na gobe za su zuba, da shi za a biya na yau. Lambobin da kake gani suna hawa a fuskar waya rubutu ne kawai, babu buhu ko ɗaya a bayansu. Domin abin ya ci gaba dole sababbin shiga su riƙa ƙaruwa kullum. A ce kowane mutum zai kawo mutum 5. Sahun farko 5, na biyu 25, na uku 125, na huɗu 625. Kafin a kai sahu na 12 ana bukatar mutum fiye da miliyan 244, watau kamar a ce dukan mutanen ƙasar nan har da jarirai. Saboda haka rushewar ba tsautsayi ba ce, ba kuma laifin gwamnati ko 'yan jarida ba ne kamar yadda masu abin sukan ce. Tun ranar da aka kafa shi rushewarsa tana cikinsa. Kuma ran da ya faɗi, waɗanda ke ƙasa, su ne mafi yawa, su ne yake dannewa.

Waɗansu sukan ce ai kamar adashi ne. Ba haka ba ne ko kaɗan. A adashi mata 10 sukan zuba naira 5,000 kowacce, ɗaya ta ɗauki naira 50,000, a yi ta zagayawa har kowa ta ɗauka. Abin da kika zuba shi kike kwasa, ba ƙari ba ragi. Kowa ta san kowa, an san ranar farawa da ranar gamawa. Adashi taimakon juna ne. Wancan kuwa ɗaukar na baya ne a ba na gaba.

Kuɗin wa ka ci?

Yanzu mun zo kan zuciyar magana. Akwai masu bi da sukan ce, "Ni na san zai rushe, amma zan shiga da wuri in fita da wuri." Ya ɗan'uwana, ka saurari abin da bakinka ya faɗa. Ka san ramin yana nan, ka san wani zai faɗa, fatanka dai kada ya zama kai ne. Wane ne wannan wanin? Wataƙila malamin firamare ne da ya ci bashi a ƙungiyar ma'aikata. Wataƙila uwar marayu ce da ta sayar da akuyoyinta. Wataƙila ɗalibi ne da ya sa kuɗin makarantarsa. Ba ka ga fuskarsa ba, amma Allah ya gani. Doka ta takwas ta hana sata, ta goma ta hana ƙyashin abin maƙwabci, Ubangiji kuma ya tattara su duka cikin umarnin mu ƙaunaci maƙwabci kamar kanmu. Hanyar da ba za ka ci riba ba sai wani ya yi kuka, ba hanyar mai bi ba ce, ko da doka ta ƙasa ba ta kama ka ba.

Abin da ya fi ba da tsoro shi ne yadda wannan abu ke bin hanyar zumunci. Baƙo ba ya iya raba mutum da kuɗinsa da sauƙi. Amma in 'yar'uwa ce daga zumuntar mata, ko ɗan'uwa da kuke rera waƙa tare a ƙungiyar mawaƙa, ko wani dattijo da ake ganin girmansa, sai a saki jiki. A dandalin WhatsApp da aka buɗe domin addu'a, a nan ake tura hoton shaidar biya. Har akan sami mai tashi cikin sujada ya ba da shaida cewa Allah ya buɗe masa ƙofa, ya kuwa kawo ushirin abin. Masu sauraro su ce amin, zuciyarsu tana lissafi. Amanar da aka gina cikin shekaru da addu'a da gaisuwar makoki da ziyarar asibiti, ita ce ake mayarwa ƙugiya.

Bawan annabi

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin mutumin da ya yi ciniki da amanar gidan Allah. Yana cikin 2 Sarakuna sura 5. Na'aman, shugaban sojojin Suriya, kuturu ne. Ya zo wurin annabi Elisha, ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun, ya warke. Ya kawo kyauta mai yawa, Elisha ya ƙi karɓa, domin baƙon nan ya koma gida da sanin cewa alherin Allah ba na sayarwa ba ne. Amma Gehazi baran annabi ya ga dukiya tana tafiya, ransa ya biya. Ya bi karusar da gudu, ya shirya ƙarya da sunan maigidansa, wai baƙi biyu daga cikin almajiran annabawa sun iso, ana bukatar talanti guda na azurfa da riguna biyu. Na'aman ya ba shi talanti biyu da murna. Gehazi ya ɓoye su a gida, ya je ya tsaya gaban Elisha kamar ba abin da ya faru.

Ku lura da abu uku. Na ɗaya, da Gehazi ya je da sunan kansa da ba lalle ya sami kome ba. Da sunan annabi ya karɓa. Haka mai jawo 'yan'uwa cikin zamba yake cin albarkacin sunan ekklesiya. Na biyu, ya lulluɓe kwaɗayinsa da rigar taimako, wai domin baƙi ne. Na uku, sa'ad da Elisha ya tsawata masa, ya ambaci gonakin zaitun da na inabi da tumaki da shanu da barori, abubuwan da Gehazi bai saya ba tukuna. Annabin ya karanta lissafin da ke cikin zuciyarsa ne. Kwaɗayi yakan gama gina gida a zuci tun kuɗin ba su shiga hannu ba. Ƙarshen labarin kuwa, kuturtar Na'aman ta manne wa Gehazi da zuriyarsa. Ya ɗauko azurfar, ya ɗauko cutar tare. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Dukiya ba zunubi ba ce

Kada wani ya ce malam yana zagin masu arziki. Ibrahim mai dukiya ne, Ayuba ma haka. Yusufu na Arimatiya mai arziki ne, kabarinsa aka sa Ubangiji. Lidiya mai sayar da tufafin shunayya ta buɗe gidanta ga Bulus da abokansa a Filibi. A cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 6, Bulus bai ɗora laifi a kan kuɗi ba, a kan son kuɗi ya ɗora. Ya kwatanta masu ɗokin yin arziki da wanda ya faɗa tarko, ya kuma umarci masu dukiya su zama masu bayarwa, kada su dogara ga abin da ba shi da tabbas. A wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa ya kira kwaɗayi bautar gumaka. Maganar tana da nauyi, amma ku gwada ta. Abin da ka fara dubawa da asuba tun ba ka yi addu'a ba, abin da ke hana ka barci, abin da kake yi wa wa'azi ga duk wanda ka sadu da shi, mene ne shi a gare ka in ba ubangiji ba?

Kada kuma mu yi wa waɗanda suka faɗa dariya. Ba duka ne suka shiga don neman mota da bene ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin da kowane gida ya ji a jikinsa. Uban da albashinsa ke ƙarewa tun wata bai raba ba, in aka nuna masa ƙofa zai leƙa. Allah ya san bukatarmu, Ubangiji da kansa ya koya mana mu roƙi abincin yini. Amma bukata ba ta halatta a ci na wani. Mai zamba kuma ya fi son lokacin wahala, gama a lokacin ne tsoro da kwaɗayi suke haɗa kai su rufe wa mutum ido. Garin neman gira sai a rasa ido.

Akwai laifin da ya kamata mu ɗauka gaba ɗaya a matsayin ekklesiya. In mai babbar riga ne kullum ake ba kujerar gaba, in mai kawo baiko mai tsoka ne ake yi wa tafi ba a tambayi inda ya samo ba, in wa'azinmu ya koya wa matasa cewa alamar albarka ita ce arzikin dare ɗaya, to, mun share wa mazambata fili tun ba su zo ba. Yakubu ya tsawata wa masu bi na farko a kan wannan tara a sura ta 2 ta wasiƙarsa. Yaranmu suna kallon wanda muke girmamawa fiye da yadda suke jin abin da muke faɗa.

Abin da za mu yi

Ga wanda ake kira ya shiga: ka yi tambaya uku. Wane kaya ake sayarwa, ko wane aiki ake yi, da ke kawo wannan riba? Me ya sa ake ba ni lada in na kawo wani? Suna da rajista da hukumar kula da kasuwar hannun jari, watau SEC? Takardar rajistar kamfani kaɗai ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. In aka ce maka ka yi sauri kada dama ta wuce, ko aka ce kada ka gaya wa kowa, ka riƙe aljihunka. Ku sani kuma, dokar zuba jari da aka sa wa hannu a 2025 ta haramta irin wannan tsari a fili, ta kuma tanadi tara da ɗauri.

Ga miji da mata: kada ɗayanku ya taɓa kuɗin gida a ɓoye. Gidaje da dama ba hasarar kuɗin ce ta girgiza su ba, ɓoyewar ce. Maigida, kuɗin makarantar yara da na taki ba naka kaɗai ba ne. Uwargida, jarin ƙosai da kuɗin adashin da aka ba ki riƙo amana ne. Shawarar da kake jin kunyar gaya wa matarka, da ma can ba ta kirki ba ce.

Ga fastoci da dattawa: kada a yarda a tallata irin wannan abu a majami'a, ko a taron zumunta, ko a dandalin waya na ekklesiya. Kuɗin ekklesiya kuwa, ko na gini ko na bishara, kada a kai su wurin da ba banki ba, kome zaƙin alkawari.

Ga wanda ya yi hasara: kuɗi sun tafi, amma kai ba ka tafi ba. Ranka ya fi abin da ka rasa daraja nesa ba kusa ba. Kada ka ci sabon bashi don ka bi tsohon, kada ka biya masu cewa za su karɓo maka. Ka gaya wa iyalinka gaskiya, ka kai ƙara ga hukuma, ka nemi fasto ko wani amintacce ku yi addu'a. Mu sauran kuma mu ziyarce shi da kwanon hatsi, mu bar gori a gida. In kun ga wanda baƙin ciki ya rufe shi har yana maganar ya gaji da rai, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi wurin likita.

Ga wanda ya ci riba, ko ya jawo waɗansu: wannan ita ce mai wuya. Ku tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, cikin Luka sura 19. Da Yesu ya shiga gidansa, bai tsaya ga baƙin ciki na baki ba. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin mallakarsa, ya kuma mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zambata. Ba ka san dukan waɗanda kuɗinsu suka zo hannunka ba, amma ka san waɗanda ka jawo da bakinka. Ka je wurinsu. Ka roƙi gafara, ka mayar da ladan da ka karɓa a kansu, ka taimaka gwargwadon ƙarfinka, ko da kaɗan-kaɗan ne. Baiko a majami'a ba zai maye gurbin wannan ba, gama Ubangiji ya koya mana mu fara shiryawa da ɗan'uwa kafin mu kawo baiko.

Hanyar da Allah ya ba mu tsohuwa ce, ba ta da sauri: aiki da hannu, tanadi, wadar zuci, da bayarwa. Bulus ya gaya wa Afisawa cewa tsohon ɓarawo ya kama aiki na gaskiya domin ya sami abin da zai ba mabukaci. Ga bambancin ke nan. Kwaɗayi yana tambaya, me zan samu daga ɗan'uwana? Ƙauna tana tambaya, me zan kai masa? Mu koya wa yaranmu wannan tun suna ƙanana. Ku ba yaro kaza ya yi kiwo, ko kunya biyu a bayan gida ya shuka gyaɗa, ya ga da idonsa tsawon lokacin da ke tsakanin shuka da girbi. Yaron da ya san haka, da wuya a ruɗe shi da kuɗin da ke haihuwa cikin waya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A sujadar iyali ta wannan mako ku karanta 2 Sarakuna 5 da Luka 19 tare, ku tambayi yara bambancin Gehazi da Zakka. Dukansu biyu sun so kuɗi. Ɗaya ya ɓoye, ɗaya ya fito fili ya mayar. Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta na biyun.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Alherinsa ya kasance tare da gidajenku duka.